Yadda Ake Fasa Kalmomin Turanci Masu Saiwar Latin, Mataki-Mataki

Tambayar da masu shirin WAEC, NECO da JAMB suka fi yi mini ita ce: ta wace hanya mutum zai tara kalmomin Turanci masu yawa ba tare da ya haddace ƙamus ba? Malaman firamare sun yi mini ita, haka ma ma'aikatan da ke fama da takardun ofis. Da yawa sun gwada rubuta kalmomi ashirin kullum suna hadda, bayan mako biyu a nemi kalmomin a rasa. Ba ƙwaƙwalwarsu ce ta gaza ba. Kalmar da aka haddace ita kaɗai, ba dangi ba makusanci, ba ta daɗewa a kai.

Dogayen kalmomin da ke cika jarida, takardar jarrabawa da wasiƙar gwamnati, da yawansu daga Latin, tsohon harshen Romawa, suka fito, wasu kai tsaye, wasu ta hanyar Faransanci. Ƙirarsu iri ɗaya ce: saiwa, wato tushen kalmar, a tsakiya, ɗafa-goshi, wato ɗan gutsuren da ake liƙa mata, a gabanta, wani lokaci ɗafa-ƙeya a bayanta. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Wanda ya san karanta ba sai an koya masa makaranta, makaranci da karatu ɗaya bayan ɗaya ba. Aikin da za mu yi ke nan da Turanci. Ka bi matakan a jere, domin kowanne a kan na bayansa ya hau.

Mataki na 1: Haɗa kayan aiki

Littafin rubutu guda, mai falle 60 ko 80, wanda ba za ka rubuta komai a ciki ba sai wannan aiki. Biro biyu, ja da shuɗi. Ƙamus na Turanci zuwa Turanci. Sai wuri ɗaya da ke nuna asalin kalma. Shafin Merriam-Webster da na Etymonline duk kyauta ne a intanet. Iyakar kuɗin da za ka kashe ke nan: littafi, biro da ɗan data. Lokaci kuwa minti 20 a rana ya isa, muddin kullum ne.

*Hattara:* ƙananan ƙamus na aljihu da yawa ba su kawo asalin kalma. Suna da amfani wajen ma'ana, amma ba za su yi maka aikin Mataki na 7 ba. Kada kuma ka ce a waya za ka riƙa adana komai. Rubutun hannu da biro mai launi biyu shi ne rabin aikin.

Mataki na 2: Fara da ɗafa-goshi, ba da saiwa ba

Yawancin mutane saiwa suke fara bi, ni kuwa ina ganin kuskure ne. Saiwoyi suna da yawa, amma ɗafa-goshin da ke ta maimaituwa 'yan kaɗan ne. Idan ka riƙe su tun farko, duk saiwar da ka koya daga baya za ta zo maka da kalmomi biyar zuwa goma a lokaci guda. A shafin farko na littafinka, rubuta waɗannan da jan biro:

- *ad*: zuwa ga
- *ab*: nesa da, daga
- *in*: cikin
- *ex*: waje
- *re*: baya, ko kuma sake
- *de*: ƙasa, ko kawarwa
- *sub*: ƙarƙashi
- *trans*: ƙetare
- *con*: tare
- *dis*: rarrabawa, ko kishiya
- *pro*: gaba
- *pre*: kafin
- *per*: ta cikin, har ƙarshe
- *ob*: a gaban, ko gaba da
- *inter*: tsakanin

Ba su kwana uku. Ka rufe ɓangaren Hausa da tafin hannu ka faɗa, sannan ka rufe na Turanci ka faɗa.

*Hattara:* *in* iri biyu ne, kuma a nan ake yawan faɗuwa. Akwai mai nufin cikin, kamar a *include* da *inject*. Akwai mai korewa, kamar a *incorrect* da *invisible*. A rubuce ba su da bambanci. Galibi mai korewa sifa yake hawa, mai nufin cikin kuma aikatau, amma ba kullum ba. Rubutun *highly inflammable* da ke jikin tankar mai ba yana nufin ba ta kamawa da wuta ba ne, yana nufin nan take take kamawa. Haka *invaluable* ba marar daraja ba ne, abu ne da darajarsa ta wuce a yi mata kuɗi. Rubuta waɗannan biyu a gefen shafin ka ja musu layi.

Mataki na 3: Ɗauki saiwa ɗaya tak

Fara da *port*, daga *portare* na Latin, wato ɗauka ko dako. Na zaɓe ta ne don ba ta canza kama, kuma ma'anarta tana nan a fili cikin kalmominta.

Buɗe sabon shafi. A tsakiyarsa rubuta *port* da shuɗin biro, manya-manya, ka zagaye ta, a ƙarƙashinta ka sa “ɗauka”. Sai ka koma jerin Mataki na 2 ka riƙa gwada ɗafa-goshi ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya ba da kalma, ka ja layi daga da'irar ka rubuta ta a ƙarshen layin, ɗafa-goshi da ja, saiwa da shuɗi. Kafin ka buɗe ƙamus, rubuta hasashenka da fensir:

*ex* da *port*: ɗauka zuwa waje, wato fitar da kaya ƙasashen waje. *Im* da *port*: shigo da kaya. *Trans* da *port*: ɗauka a ƙetare da shi, wato sufuri. *De* da *port*: ɗauke mutum a kawar da shi, wato tasa ƙeyarsa daga ƙasa. *Re* da *port*: ɗauko labari a dawo da shi, wato rahoto. *Sup* da *port*: ɗauka daga ƙarƙashi, wato tallafi. Dubi wannan ta ƙarshe da kyau, hoton da ke cikinta shi ne na mutum da ya sa hannu a ƙarƙashin kaya ya tallabe.

Daga nan sai ɗafa-ƙeya. Kowace kalma ka ba ta 'ya'yanta a ƙarƙashinta: *exporter*, *transportation*, *deportee*, *reporter*, *supportive*. Abin da za ka riƙe a nan kaɗan ne. *Er* da *or* mai aikatawa ne, *ee* wanda aka yi wa, *ion* sunan aikin, *able* da *ible* abin da zai yiwu, *ive* sifa. Shi ya sa *portable* ke nufin abin da za a iya ɗauka. Kafin ka tashi za ka ga shafi ɗaya ya ɗauki kalmomi kusan ashirin.

*Hattara:* ba kowane haɗi ne ke ba da kalma ba. Babu *preport*, babu *obport*. Idan ka haɗa ba ka same ta a ƙamus ba, ka soke ta. Kada ka ƙirƙiro kalma ka kai ta cikin insha'in jarrabawa.

Mataki na 4: Koyi yadda ɗafa-goshi ke sauya kama

Ka lura mun rubuta *import* ba *inport* ba, *support* ba *subport* ba. Wannan shi ne abin da masu nazarin Hausa ke kira naso, kuma bakinka ya saba da shi: kana rubuta ɗan Bala amma ɗam Bala kake furtawa. Baƙin ƙarshe na ɗafa-goshi yana narkewa ya koma kamar baƙin da ke binsa. A nan nake so ka daɗe, domin wanda bai san wannan ba zai riƙa wuce ɗafa-goshi bai gane shi ba.

*In* yana komawa *im* gaban p, b da m, ya koma *il* gaban l, *ir* gaban r: *impossible*, *illegal*, *irregular*. *Con* yana komawa *com*, *col*, *cor*: *compose*, *collect*, *correct*. *Sub* yana komawa *sup*, *suc*, *suf*, *sug*, *sus*: *support*, *succeed*, *suffer*, *suggest*, *suspend*. *Ob* yana komawa *oc*, *of*, *op*: *occur*, *offer*, *oppose*. *Ex* yakan ragu ya zama *e* kawai, kamar a *emit* da *eject*, ko ya zama *ef* a *effect*. *Ad* ya fi kowa ɓad da kama: *accept*, *affect*, *aggressive*, *allocate*, *approve*, *arrive*, *assist*, *attract*. Duk *ad* ne.

Ribar wannan mataki tana fitowa ne a rubutu. Baƙi biyu iri ɗaya a farkon kalma, sau da yawa ɗaya na ɗafa-goshi ne, ɗaya na saiwa. *Immigrate* m biyu ne don *in* ya haɗu da *migrate*, shigowa ƙasa ke nan. *Emigrate* m ɗaya ne don *e* ne kawai a gaba, fita daga ƙasa ke nan. *Dissolve* s biyu, amma *disappear* da *disappoint* s ɗaya, don abin da ke bin *dis* da wasali ya fara. *Accommodate*, wadda ke kayar da manya da yara, ɗafa-goshi biyu ne a jere, *ad* da *con*, shi ya sa c biyu m biyu. *Recommend* kuwa *re* ne da *commend*, don haka c ɗaya m biyu. Da ka ga ƙirar, ka huta da haddar haruffa.

Mataki na 5: Koma kan saiwa mai fuska biyu

Yanzu sai *mit*, daga *mittere*, wato aika ko saki. Aikatau na Latin yakan zo da siffa fiye da ɗaya, Turanci kuma ya ɗebi biyu. Wannan saiwa a aikatau *mit* ce, a suna kuma *miss*. Don haka a tsakiyar shafi ka rubuta su duka biyu, kuma kowace kalma ka rubuta ta da abokiyarta:

*admit* da *admission*, *submit* da *submission*, *permit* da *permission*, *omit* da *omission*, *emit* da *emission*, *transmit* da *transmission*, *commit* da *commission*, *remit* da *remission*. Sai waɗanda suka tsaya a fuska ɗaya: *dismiss*, *mission*, *missile*, *promise*. Kuɗin da 'yan ci-rani ke aikowa gida *remittance* ne, aikawa baya.

Masu karatu da ke Nijar, ko duk wanda ya yi boko da Faransanci, wannan shafi zai zo musu da sauƙi, domin *admettre*, *permettre*, *transmettre* da *promettre* duk wannan saiwar ce.

Sauran masu fuska biyu da za ka ci karo da su: *scrib* da *script* na rubutu, *duc* da *duct* na jagora, *ced* da *cess* na tafiya, *vert* da *vers* na juyawa, *pon* da *pos* na ajiyewa. Akwai kuma *cept*, wadda Faransanci ya lanƙwasa, kamar a *receive* da *reception*, *deceive* da *deception*.

*Hattara wajen rubutu:* aikatau masu *mit* suna ninka t idan an ƙara *ed* ko *ing*: *admitted*, *submitting*, *committed*. *Commit* m biyu, *omit* m ɗaya. *Committee* tana da m biyu, t biyu, e biyu. Idan ka kai kan saiwar *ced*, kalmomi uku ne kawai ke ƙarewa da *ceed*: *proceed*, *exceed*, *succeed*. Saura *cede* ne, kamar *precede* da *concede*. *Supersede* da s ake rubuta ta, saiwarta daban ce, ta zama ce ba ta tafiya ba.

Mataki na 6: Fasa kalma a cikin jimla

Duk abin da ya gabata shiri ne. Aikin gaske shi ne ka haɗu da kalma a tsakiyar rubutu, ba ƙamus a hannu. Ɗauki wannan jimla:

*The company was ordered to remit the tax it had deducted from the workers' salaries.*

Ce ba ka san *remit* da *deducted* ba. Ga jerin da za ka bi. Fara cire ɗafa-ƙeya, *deducted* ta koma *deduct*, ka san kuma aikatau ce da ta riga ta faru. Sai ka yanke ɗafa-goshi: *de* da *duct*, *re* da *mit*. Fassara kowane gutsure yadda yake, ko da bai yi daɗin ji ba: jagoranta a kawar, aika baya. Yanzu ka mayar da su cikin jimlar ka tambayi kanka: me ake janyewa daga albashi a kawar? Haraji. Ashe cirewa ake nufi. Me kuma aka umarci kamfani ya yi da harajin da ya cire? Ya aika da shi inda ya kamata. Ka gane jimlar ke nan.

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ba na so ka tsallake. Saiwa hanya take nuna maka, jimla ce ke yanke hukunci. Kalmomin nan sun shekara ɗaruruwa a bakin mutane, ma'anar wasu ta yi nisa da inda ta faro. *Admit* tana nufin a ba mutum gado a asibiti, a ba ɗalibi gurbi a jami'a, tana kuma nufin mutum ya amsa laifinsa. Biyun farko suna kusa da “sakin mutum ya shiga”, ta uku sai jimla ta gaya maka. *Submit* miƙa takarda ce, miƙa wuya ce kuma. *Commit* ta fi su nisa: a *commit a crime* aikata laifi ne, kuma ko ka kwana kana haɗa “tare” da “aika” ba za ka fito da wannan ba. Irin waɗannan ka rubuta su da cikakkiyar jimla a ƙasan shafi, ka karɓe su yadda suke.

*Hattara:* a tambayoyin da ake neman kalma mai kusancin ma'ana ko kishiya, ana son haɗa kalmomi masu saiwa ɗaya a cikin zaɓi. *Prescribe* rubuta wa mutum magani ne ko shimfiɗa ƙa'ida, *proscribe* haramtawa ce. *Precede* gabata ne, *proceed* ci gaba. Harafi ɗaya ko biyu ne tsakaninsu, don haka ka karanta ɗafa-goshin a hankali kafin ka zaɓa.

Mataki na 7: Tantance, don akwai masu kama da dangi

Bayan mako biyu za ka fara ganin saiwa a ko'ina, har inda babu ita. Kowa yana shiga wannan hali. Maganinsa shi ne duk kalmar da za ta shiga shafinka ka duba asalinta tukuna.

*Limit*, *summit* da *vomit* duk da *mit* suka ƙare, amma babu wadda ta fito daga *mittere*. Ga gwaji mai sauƙi: 'yar gidan gaskiya tana da fuskar *miss*. *Permit* ta ba da *permission*, *limit* kuwa *limitation* ta bayar. *Miss* ta kuskure ko kewa, da *mis* na *mistake*, ba daga wannan saiwa suke ba. A shafin *port*, kada ka sa *portion*. *Airport*, *passport* da *opportunity* daga *portus* suke, tashar jirgin ruwa. *Portrait* ma ba 'yar gidan ba ce, danginta su ne *attract* da *extract*. Sai ga *sport*, wadda ba wanda zai zata, ita kuwa 'yar gida ce, an gutsure ta ne daga *disport*, ɗauke hankali daga aiki.

Haka ɗafa-goshi. *Re* na *read* da *ready* ba ɗafi ba ne, jikin kalmar ne. Idan ka yanke abin da ka zata ɗafa-goshi ne ragowar ba ta yi kama da wata saiwa da ka sani ba, ka dakata ka duba. A bayan littafinka ka ware shafi guda na irin waɗannan kalmomi, yana da amfani kamar sauran.

Mataki na 8: Furta da ƙarfi

Jarrabawar Turanci tana tambayar gaɓar da ake dannawa, kuma kalmomin nan suna da tsari. Da yawa daga masu gaɓa biyu, idan suna ne a gaɓar farko ake dannawa, idan aikatau ne a ta biyu. *PERmit* takardar izini ce, *perMIT* ba da izini. Haka *EXport* da *exPORT*, *CONduct* da *conDUCT*, *OBject* da *obJECT*, *PROduce* da *proDUCE*. Saurari furucin a ƙamus na intanet, ka maimaita da bakinka, ka ja layi ƙarƙashin gaɓar a littafinka.

*Hattara:* *report* da *support* ba su bin wannan tsari, a gaɓa ta biyu ake danna su ko suna ne ko aikatau. Dannawar kuma tana shafar rubutu: *refer* da *prefer* a ƙarshe ake danna su, don haka *referred* da *preferred* r biyu. *Offer* da *suffer* a farko ne, don haka *offered* da *suffered* r ɗaya.

Mataki na 9: Jerin da za ka bi da yadda za ka yi bita

Saiwa ɗaya a mako, kada ka ƙara ko da ka ga abin yana tafiya. Bayan *port* da *mit*, bi masu ma'ana a fili tukuna: *tract* na ja, *ject* na jifa, *spect* na kallo, *scrib* na rubutu, *dict* na faɗa. Sannan *duc*, *vert*, *pos*, *ced*. Bar *fer* da *cept* zuwa ƙarshe, ma'anar kalmominsu ta fi warwatsuwa.

A cikin makon, ranar farko ka zana shafi ka yi hasashe, ta biyu ka tantance a ƙamus. Kwana uku na tsakiya ka nemi kalmomin a jarida ko tsofaffin takardun jarrabawa, ka kwafo jimla ɗaya ta gaske ga kowace kalma. Rana ta shida ka rubuta jimlolinka na kanka, ka ba malami ko wanda ya fi ka ya duba, musamman ƙananan kalmomin da ke biyo baya, don *submit to* ne, *emit* kuwa ba ta buƙatar komai. Rana ta bakwai ka ɗauki farar takarda, ka rufe littafin, ka sake zana shafin wannan mako da na makon jiya da ka. Kalmar da ta ɓace maka ka sa mata alamar ja a littafin, da ita za ka fara bitar mako mai zuwa.